Yadda Za Ka Haɗa Wayar Sifika da Hannunka Ba Tare da An Sayar Maka da Tatsuniya Ba

Wata ranar Asabar wani aminina ya kira ni, wai in zo in ji abin mamaki. Mutum ne mai son kiɗa na gaske, irin wanda zai zauna awa biyu gaban sifika bai ce uffan ba. Ya yi odar waya daga waje, kaurinta kamar babban yatsa, an saƙa mata riga, bakinta ruwan zinare, har da 'yar kibiya a jiki mai nuna inda sauti zai bi. Kuɗin da ya zuba a kanta sun isa sayen rago. Ya kunna, ya lumshe ido, ya ce, "Mutumina, ka ji yadda sautin ya buɗe? Kamar ɗakin ya ƙara faɗi." Ni kuwa abin da na ji shi ne gangar ta rame, muryar mawaƙin kuma ta rasa wurin zama, tana yawo tsakanin bango da bango. Da ya tashi amsa sallama na leƙa bayan sifikar dama, sai ga jar waya a baƙin gurbi, baƙa a ja. Faɗin da yake yabo kuskuren haɗi ne. Na mayar da su daidai, ganga ta dawo, shi kuma ya ce lallai wayar ta fara "nuna".

Tun daga ranar nake son rubuta wannan. Wayar sifika tana da tasiri, amma tasirin nata a abubuwa huɗu yake: kaurinta, tsawonta, irin ƙarfen da ke cikinta, da yadda aka ɗaure bakinta. Duk huɗun kana iya sarrafa su da kanka a tsakar gida.

Fara da lissafi kafin ka je kasuwa

Juya sifikarka ka duba bayanta. Za ka ga an rubuta om 8, ko 6, ko 4. Wannan ita ce turjiyar da sifikar ke yi wa wutar da amfilifaya ke turo mata. Ita ma waya tana da tata turjiyar, kuma duk abin da ta ci, sifika ba ta samu ba. Ƙa'idar da Roger Russell, wanda ya daɗe yana jagorantar binciken sauti a kamfanin McIntosh na Amurka, ya yaɗa ita ce kada turjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin 100 na ta sifika. Ga sifika mai om 8, iyakar ita ce om 0.4 ke nan. Ga mai om 4, om 0.2. A wannan iyakar, ƙarfin sautin da ka rasa bai kai rabin desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) ba, abin da kunne ba ya kamawa a cikin kiɗa.

Sai ka auna nisa. Kada ka auna a miƙe daga amfilifaya zuwa sifika. Bi hanyar da wayar za ta bi, ta gindin bango, ta bayan kujera, ta saman ƙofa, ka ƙara kamar rabin mita don ranar da za ka so matsar da kaya. Abin da mutane ke mantawa shi ne wuta zuwa take ta dawo, saboda haka waya mai tsawon mita 10 tafiyar mita 20 ce.

A kasuwa da lamba ake kiran kauri: 0.75, 1.5, 2.5, 4. Lambar tana nufin faɗin bakin ƙarfen in an yanke shi, da murabba'in milimita. In jan ƙarfe ne na gaske, kowace mita ta 1.5 tana da turjiyar kusan om 0.0115, ta 2.5 kuma kusan 0.007. In ka buga lissafin, 1.5 za ta kai ka mita 17 a kan sifika mai om 8, amma mita 8 da ɗoriya kawai a kan mai om 4. Ita 2.5 tana kai mita 29 a om 8, mita 14 a om 4. Siririyar 0.75 ta tsaya a wajen mita 8 a om 8, mita 4 a om 4. In an rubuta AWG a jikin wayar, lissafin Amurkawa ne, kuma a juye yake: ƙaramar lamba ita ce mai kauri. AWG 16 kusan 1.3 ce, 14 kusan 2.1, 12 kusan 3.3.

Falon gida da bai wuce mita 5 ko 6 ba, 1.5 ta wadatar har da ragi. Ni dai 2.5 nake saya saboda ba ta saurin tsinkewa in an taka ta.

Inda siririyar waya ke cutarwa da gaske shi ne wajen masu kiɗan biki da masu haɗa lasifikar wa'azi. A ce an jera sifika biyu masu om 8 a layi ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi. Sun koma om 4. Aka ja musu wayar 0.75 mai tsawon mita 30. Turjiyar wayar ta kusa om 1.4, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin amfilifayar a dumama waya yake ƙarewa. Mai kayan sai ya yi ta ƙara murya, amfilifaya ta yi ta zafi, a ƙarshe a ce sifika ce ba ta da kyau. Don haka ne amfilifayoyin masallaci da na makaranta, irin su Ahuja da TOA, ke da gurbin da aka rubuta 100V ko 70V. A wannan tsarin kowace lasifika tana da 'yar taransifoma, kuma lasifika mai wat 30 a layin 100V turjiyarta ta haura om 300, ta yadda om ɗaya ko biyu na waya ba sa nuna komai. Amma sai lasifikar da ke da taransifoma ake sa wa a wannan gurbin. In ka jona sifikar om 8 kai tsaye, ka shirya sayen wata.

A kasuwa: nan ne ainihin yaƙin yake

Masu sayar da waya mai tsada a Turai suna gardama a kan ko jan ƙarfen an cire masa iskar oksijin, wanda suke rubuta wa OFC. Bambancin gudun wuta tsakaninsa da jan ƙarfen wayar lantarki ta yau da kullum bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. Azurfa ma, wadda ta fi kowane ƙarfe ɗaukar wuta, da kamar kashi 6 cikin 100 kawai ta fi jan ƙarfe, ratar da za ka cike da ƙara ɗan kauri kaɗan. Mu damuwarmu ta fi wannan girma: shin abin da ke cikin robar jan ƙarfe ne ma kuwa?

Waya da yawa da ake sayarwa da sunan wayar sifika alminiyom ne aka yi wa fatar jan ƙarfe. Masu gaskiya suna rubuta CCA a jiki, wasu ba sa rubuta komai. Alminiyom kusan kashi 61 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka, don haka turjiyar irin wannan waya ta fi da fiye da rabi. Tana kuma karyewa in an lanƙwasa ta sau da yawa, bakinta yana yin fari-fari ya daina kama wuta sosai. Ga kuma wata dabarar: roba mai kauri, musamman mai garai-garai da ke ƙara wa ido girman abin da ke ciki, ƙarfen kuwa bai taka kara ya karya ba.

In mai shago ya ce maka, "Wallahi Alhaji, orijina ce," kada ka yi musu da shi. Ka ce ya yanko maka ɗan guntu kamar tsawon yatsa. Fere robar, ka zaro sili ɗaya, ka kankare shi da reza. In cikinsa ja ne har tsakiya, jan ƙarfe ne. In fari ya bayyana, alminiyom ne. Kunna laita a ƙarƙashin silin: jan ƙarfe zai yi baƙi, ya yi ja, amma yana nan a tsaye, na jabu nan da nan zai langaɓe ya marmashe. In kana da mayen ƙarfe ka kara shi, domin akwai wadda baƙin ƙarfe ne aka rufe, ita kuwa za ta manne.

In naɗi guda za ka saya, ɗaga shi ka ji. Naɗin mita 100 na 1.5 mai layi biyu, jan ƙarfen cikinsa kaɗai ya kai kilo 2.7, ban da roba. In ka ji shi sakayau, akwai magana. Wanda ke da mita, wato na'urar auna turjiya, yana iya yin abin da ya fi haka: murɗe bakin layukan biyu wuri ɗaya a ƙarshen naɗin, ka auna daga ɗaya ƙarshen. Ya kamata ka ga kusan om 2.3. Ka tuna ka fara haɗa bakin wayoyin mitar da juna ka ga abin da suke nunawa su kaɗai, ka debe shi. In ka ga uku da rabi ko fiye, ko dai ba jan ƙarfe ba ce, ko kaurin bai kai abin da aka rubuta ba.

Sau da yawa ma ba na neman abin da aka rubuta wa "wayar sifika". Wayar lantarki mai laushi mai layi biyu, irin wadda ake ja wa fanka ko injin ruwa, in ta kamfanin kirki ce, ita ce dai jan ƙarfen. Sharaɗi ɗaya: ta zama mai sili-sili, kuma layukan biyu su bambanta da launi ko da zane a jiki. Mai ƙarfe ɗaya sandararre ta cikin bango ma tana aiki, sai dai taurin kai gare ta, tana iya fizgo gurbin sifika.

Haɗawa

Kayan aikin ba su da yawa: filaya mai yanka, reza ko wuƙar fere waya, sukundireba, tef ja da baƙi, da batir ɗaya na tocila mai bolt 1.5. In kana son kwalliya, ka nemi robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi.

Kashe amfilifaya, ka zare ta daga soket. Ba wai don wutar sifika za ta kashe ka a falo ba. Don in bakin wayoyin biyu suka taɓa juna tana kunne, abin da zai ƙone a ciki ya fi wayar tsada nesa ba kusa ba.

Yanke tsawon da ka auna. Za ka ji ana cewa dole wayar hagu da ta dama su zama daidai wa daida, in ba haka ba sautin ɗaya zai riga ɗaya isowa. Saƙon lantarki a cikin waya yana tafiya da kusan kashi biyu cikin uku na gudun haske, mita ɗaya tana ɗaukarsa kamar kashi 5 cikin biliyan na daƙiƙa. Sauti a iska kuwa mita 343 yake yi a daƙiƙa. Gyaɗa kanka kaɗan a kan kujera ya fi wannan bambanci sau ɗaruruwa. In ɗaya mita 3 ce ɗaya mita 6, ba komai, muddin doguwar ba ta ƙetare lissafin da muka yi ba.

Raba layukan biyu kamar tsawon yatsa a kowane ƙarshe. Fere kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A nan ake gane mai haƙuri: zagaya rezar a hankali ta tsaga robar kawai, sannan ka lanƙwasa ka zare da yatsa. In ka ga silika sun zubo ƙasa, ka yanke ka sake. Waya 2.5 da aka zubar wa rabin silinta a baki ta zama siririya a daidai inda ake buƙatarta. Murɗe silikan su zama tsintsiya ɗaya, ka ɗaga wa haske ka duba ko akwai wani da ya yi tsaye shi kaɗai. Wannan sili ɗaya tilo, in ya taɓo gurbin da ke kusa da shi, shi ne ke aika amfilifaya wurin mai gyara.

Naɗa jan tef a layi ɗaya, a duka ƙarshen biyu, kuma ka tabbata layin guda ne ka bi shi da hannu daga farko har ƙarshe. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi.

Gurbin sifika iri-iri ne. Mai maɓallin dannawa, ka danna, ka tura wayar har robarta ta kusa taɓa bakin, ka saki, ka ɗan ja ka ji ta kama. Mai murɗawa, ka kwance shi, za ka ga huda a jikin sandar. Zura wayar ciki ka ɗaure da ƙarfin yatsu, ba da filaya ba. Kada ka shafa wa bakin wayar dalma in a ƙarƙashin noti za ka matse ta. Mutane suna yi don ya yi kyau, amma dalma tana da laushi, a hankali take lotsawa, bayan 'yan watanni sai ka tarar haɗin ya yi sako-sako. Filogin nan mai kama da ayaba amfaninsa sauƙin cirewa da mayarwa ne kawai. Ruwan zinaren da ke bakinsa kuma tsatsa yake hanawa, abin da ke da amfani a wuri mai laima, amma ba ya ƙara wa sauti zaƙi. Masu manyan sifikun biki su nemi filogin Speakon na kamfanin Neutrik, wanda ake murɗawa ya kulle. Jar waya a 1+, baƙa a 1-. Kuma kada a ɗauki wayar jita ko ta makirfo a ja wa sifika don kawai filoginta ya shiga ramin: silin cikinta siriri ne, ba a yi shi don ɗaukar wuta mai yawa ba.

Wani gargaɗi da ba a cika yi ba: kada ka haɗe baƙaƙen wayoyin hagu da dama wuri ɗaya don tsimin waya. A amfilifayoyi da yawa na zamani, da na mota, baƙin gurbin ma wuta yake turowa.

Yanzu gwajin batir, wanda da aminina ya yi shi da bai sha kunya ba. Kafin ka jona wayar a amfilifaya, riƙe baƙin layin a gindin batir, ka ɗan taɓa jan layin a kansa, taɓawa ɗaya ka ɗauke. Za ka ji ƙwas, ka ga faifan babbar sifikar ya motsa. In waje ya turo, haɗin daidai ne. In ciki ya shige, an juya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sifikun biyu su motsa gefe guda. In ɗaya na turawa ɗaya na ja, ƙananan sautuka irin na ganga suna cinye juna a iska. Wannan gwajin na babban faifai ne. Kada ka yi shi kai tsaye a kan 'yar ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti.

Sauran maganganun da za ka ji

Kibiyar da ke jikin waya: wutar da ke zuwa sifika gaba da baya take yi, sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa, kamar zarto. Abin da ke kai da komo ba shi da gaba balle baya. Batun cewa sai waya ta yi awa ɗari tana aiki kafin ta "nuna" kuwa, kunnen mai ita ne ke sabawa. Akwai masu ɗora waya a kan 'yan duwatsu ko katako don kada ta taɓa ƙasa. In ɓera ne ko ruwan mopa ake gudu, na yarda.

Akwai guda ɗaya mai ƙamshin gaskiya. Idan sauti ya yi siriri sosai, wutar tana fi son bin fatar waya maimakon tsakiyarta. Haka ne. Amma a haz 20,000, wato kai da komo sau 20,000 a daƙiƙa, iyakar jin ɗan Adam, kaurin wannan fatar a jan ƙarfe ya kusa rabin milimita, wayar 1.5 kuwa daga tsakiyarta zuwa gefe bai fi milimita 0.7 ba. Asarar ba ta kai abin da za a ji ba, a sautin da yawancin manya ma sun daina jin sa. Masu gudun wannan matsalar sukan tufka wayoyin intanet da yawa su yi kitso da su. Yana da kyan gani, amma irin wannan tufka tana ƙara wa waya halin riƙe caji, wasu amfilifayoyin kuma ba sa jure hakan, sai su kama zafi ba gaira ba dalili. An je neman ƙiba an samo rama.

In kana son ka huce, buɗe bayan tsohuwar sifika ka leƙa. Bayan wayarka mai kaurin yatsa, sautin zai bi ta wani naɗin waya siririya kamar gashi mai tsawon mitoci, wadda ita kaɗai turjiyarta om 5 zuwa 7 ce a sifika mai om 8.

Kasuwar waya mai tsada ba tsohuwa ba ce. Noel Lee ya kafa Monster Cable a San Faransisko a 1979, kuma abin da ya fara sayarwa, waya mai kauri a lokacin da shaguna ke ba da siririya kyauta, yana da hujja. Daga baya ne abin ya zama gasar farashi. A 2007 James Randi, mai rufa-idon nan da ya shahara da tona asirin masu da'awar abin al'ajabi, ya sa ladan dala miliyan ɗaya ga wanda zai iya bambance wayar kamfanin Pear mai dala 7,250 da wayar Monster ta kunne kawai, ba tare da ya ga wadda aka jona ba. An yi ta cacar baki, gwajin bai gudana ba, kuɗin kuma ba wanda ya karɓa.

Kai ma kana iya yin irin wannan gwaji a gida, kuma shi ne kaɗai hanyar raba gardama da aboki. Ku sami wayoyi biyu, taka da tasa, duka masu isasshen kauri. Mai saurare ya juya baya ko ya fita. Wani ya jefa kwabo: in kai ya fito a jona ta farko, in ɗaya gefen ne a jona ta biyu, ya rubuta a takarda, ya rufe bayan kayan da zane. Ko da kwabon ya maimaita abin da ke jone, a kashe amfilifaya a cire a mayar, don kada tsawon jira ya tona asiri. Kada a taɓa maɓallin murya ko kaɗan, domin duk abin da ya ɗan fi ƙara, kunne yana ɗaukarsa ya fi daɗi. Shi mai jonawar kada ya tsaya inda za a ga fuskarsa. A yi sau 10 da waƙa ɗaya, wuri ɗaya. Wanda ya ci 5 ko 6, canki-canka ya yi. Cin 9 cikin 10 da sa'a kawai yana faruwa kamar sau ɗaya cikin ɗari, don haka wanda ya kai nan a saurare shi, sannan a ɗauko mita a auna wayoyin, don galibi za a tarar ɗaya ta fi ɗaya turjiya nesa. Aminina ya ci 4. Ya ce gajiya ce, mu sake wata rana, har yau ranar ba ta zo ba.

Bayan ka gama, bi wayar da ƙusoshin roba a gindin bango, kada ka matse ta a ƙarƙashin ƙofa ko ƙafar kujera. Duk ƙarshen damina ka kashe kayan ka zaro bakin ka duba. In jan ƙarfen ya yi duhu ko ya fara kore, yanke santimita biyu, ka fere sabo, ka murɗe, ka mayar. Wannan rabin mitar da ka ƙara tun farko, aikinta ke nan.